Kafin ka shiga teku da kayak a Kwatano

Wani ƙanena daga Isawan, can ƙasar Mayahi, yana shirin zuwa Kwatano ɗauko mota. Ya aiko mini hoton wani mutum cikin ɗan kwale-kwalen roba da ake kira kayak, raƙumin ruwa ya ɗauko shi yana gudu da shi zuwa gaɓa, ya ce, "Yaya, in na je zan iya?" Za ka iya, ƙanena, amma ba da iyon tafki ba. Ruwan da ke kwanciya a kwarin Gulbin Kaba da damina, ko na tafkin Madarumfa, zaune yake wuri ɗaya. Na teku kuwa ja yake yi.

Abin da ya kama ni a bakin ruwan Fidjrossè da ke Kwatano shi ne wurin da ya fi kama da lafiya. Hagu da dama ruwa na fashewa da farin kumfa, a tsakiya kuma ga wani zirin ruwa mai duhu, a kwance lumui. Mai ba da hayar kayak ya karɓi kuɗinsa, ya nuna mini nan da baki, ya koma inuwa. Ashe ta wannan zirin ne ruwan da ya bugi gaɓa yake komawa cikin teku da ƙarfi. Ina tuƙi iya ƙarfina, bishiyoyin kwakwa na ƙara ƙanƙancewa. Wani masunci ne ya yi ta nuna mini gefe da hannu, na karkata, na bi tsawon gaɓa kaɗan, sai ja ya sake ni, raƙuman ruwa suka maido ni. In ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye, gajiya ce ke halaka mutane. Ka ratse gefe, domin zirin ba shi da faɗi sosai.

In kwale-kwalen ya kife, kada ka tsaya tsakaninsa da gaɓa, ruwa zai maka maka shi a ka. In kuma ya juya a gicciye, ka jingina jikinka wajen raƙumin ruwan, ko da zuciya na ce maka ka kauce. Lokacin shiga teku, hancin jirgi ya fuskanci ruwan sak, filafili kuma kada ya tsaya.

Mai hayar da ya ce rigar kariya ta ƙare, ka bar masa kayansa. Haushi nake ji ƙwarai in ga ana tura baƙo cikin ruwa babu riga, babu mai sa ido, don dai 'yan jikkuna. Ku gama ciniki tun a tudu, ku yarda a kan lokacin da za a fara ƙirga.

Daga Yuni zuwa Satumba teku ya fi hauka a wannan gaɓar, ɗan koyo ya haƙura. Da safe ake shiga, kafin iska ta taso.

Ni da za ka ji tawa, ka fara zuwa Grand-Popo, kimanin kilomita 80 yamma da Kwatano, ka koyi riƙon filafili a kogin Mono inda ruwa ke tafiya a hankali. In hanya ta kai ka Legas, Tarkwa Bay ta fi sauƙi, saboda katangar duwatsun mashigin tashar jiragen ruwa tana rage mata ƙarfin ruwa, kuma sai da jirgi ake isa can. Waya da takardun mota ka bar su wurin mai masaukinka a Zongon Kwatano, ka kuma gaya masa lokacin da za ka dawo.