Darasin Wannan Wata: Ɗigon Mai a Ƙafar Gaban Mota

Darasinmu na yau yana magana ne a kan wani zoben roba wanda bai kai tafin hannu ba, amma lafiyar ƙauye guda tana iya rataya a kansa.

Mu mutanen gundumomin Tasawa da Mayahi mun san halin hanyoyinmu. Kwaltar da ta taso daga Maraɗi zuwa Damagaram ta ratsa Tasawa, amma da an sauka daga kanta sai rairayi. Mai zuwa Urafan, ko Korgom, ko ƙauyukan Gulbin Kaba, dole ya yi fama da tudun yashi da rani, ya yi fama da tabkuna da damina. Shi ya sa muka dogara ga mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda direbobi ke kira kat-kat. Ita ke kai hatsi da wake kasuwa. Ita ke ɗauko mace mai doguwar naƙuda zuwa asibitin gunduma. Tun 2005 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa, amma tiyata ba ta amfanin wadda motarta ta tsaya a daji.

Yawancin waɗannan motoci tsofaffin Toyota Land Cruiser ne, irin da aka soma ƙerawa a 1984. Suna da ƙarfi da juriya, amma ko raƙumi yana son a duba ƙafarsa.

1. Yadda ƙafar gaba take

Ƙafafun gaba biyu suna haɗe da wani bututun ƙarfe mai kauri, wanda makanikanmu ke kira pon. A jikinsa akwai wani kumburi kamar tulu, cike da haƙoran ƙarfe masu iyo cikin man giya. Daga tulun sanduna biyu suka fita, doguwa da gajera, kowace ta nufi ƙafa guda.

A kowane ƙarshen pon akwai wani ƙoƙon ƙarfe mai sulɓi, inda ƙafa ke juyawa dama da hagu. Mu kira shi gwiwa. A cikin gwiwa akwai gaɓa mai ƙwallayen ƙarfe 6, wadda ke ba ƙafa damar ja tana kuma karkata. Ita gaɓar giris take sha.

To, ga abin lura. Mai yana cikin pon, giris yana cikin gwiwa, kuma bai kamata su haɗu ba. Abin da ya raba su shi ne zoben robar nan, wanda ake kira juwan, makanikan Najeriya kuma su ce sil. A bayan gwiwa akwai wasu zobba na roba da ulu masu share ƙura, don kada yashi ya shiga.

2. Me ke kashe zoben?

Na farko tsufa da zafi. Roba tana bushewa ta tsage. Na biyu yashi, wanda ke cin roba da ƙarfe kamar dutsen niƙa. Na uku, in boris ya saki, sanda takan yi rawa ta ɓata bakin zoben.

Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa. A saman pon akwai wata ƴar ƙofar iska, wato hancin da pon ke numfashi da shi. In tafiya ta yi nisa, mai ya yi zafi, iska takan kumbura ta fita ta nan. Idan laka ta toshe hancin, iskar sai ta turo mai ta wajen zoben. Haka kuma, pon mai zafi in ya faɗa cikin ruwan tabki yakan huce nan take ya zuƙi ruwa. Wanda ya sa sabon zobe bai buɗe hancin ba, ya yi aikin baban giwa.

3. Alamomin da kowa zai iya gani

Ba sai makanike ba. Mu durƙusa da safe mu leƙa bayan ƙafar gaba.

Gwiwa mai lafiya tana da ɗan maiƙo kaɗan. In muka ga baƙin ruwa mai kauri kamar kunu yana zuba, yashi ya manne a kai, to mai ya shiga ya narkar da giris.

In mota tana ƙas-ƙas-ƙas sa'ad da aka karya kwana da ƙafa huɗu, gaɓar ta soma cin kanta.

In mota tana fizga gefe guda lokacin da aka taka birki, mai yiwuwa mai ya jiƙa birkin. Wannan haɗari ne babba.

A ɗaga ƙafar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana motsi, wani ya taka birki a sake girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ɗin ƙafa ne. In yana nan, boris ɗin gwiwa ne, na sama da na ƙasa.

A buɗe notin zuba mai a jikin tulu. Ya kamata mai ya kai bakin ramin. In ya yi ƙasa, yana zuba. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga.

4. Yadda ake gyara

Aiki ne na makanike mai kayan aiki, amma ya kamata mai mota da ƴan kwamiti su san matakansa, domin su gane aikin ƙwarai.

A zaɓi wuri mai daɓe, nesa da iska, a shimfiɗa buhu mai tsabta. Ƙwayar yashi guda a cikin boris ta isa ɓarna. A ɗaga mota a tokare ta da ƙarfe ko gungume mai ƙwari. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan rairayi.

A tsiyaye tsohon mai. A cire taya da birki, a rataye birkin da waya don kada tiyonsa ya tsinke. A kwance manyan notocin ƙafa, waɗanda ke son sifana mai lamba 54. A zare sanda tare da gaɓarta, sannan a buɗe gwiwa.

A saman gwiwa da ƙasanta akwai siraran faifan ƙarfe. A ajiye na sama daban, na ƙasa daban, a mayar da kowane inda aka same shi. Su ne ke daidaita sanda a tsakiyar zobe. In aka cuɗa su, sabon zoben ba zai daɗe ba.

A wanke kome da kananzir ko gazuwal, a shanya. A duba gaɓa da boris. Wanda ya tsage ko ya yi ramuka, a sake shi. A duba inda zoben ke zama a jikin sanda. In ya yi zurfin layi, sabon zobe ma zai yi yoyo.

A cire tsohon zobe, a buga sabo a hankali ya zauna daidai, a shafa wa bakinsa giris. Lokacin mayar da sanda a tallabe ta, kada ta yaga robar. A sake zobban share ƙura duka. A cika gaɓa da baƙin giris mai molibdenom, a cika gwiwa kashi 3 cikin 4. Boris ɗin ƙafa kuma a sa masa nasa giris.

Taurin gwiwa da na boris ana auna su da ma'aunin rataya, ƙaramin ɗan uwan wanda ake auna yara da shi a likita. Littafin motar ya faɗi adadin. A ƙarshe a wanke hancin pon, a zuba sabon man giya mai lamba 90 ko 80W-90 har bakin rami. Tunda zobban biyu sa'annin juna ne, a gyara dama da hagu rana guda.

5. Lafiyar jiki da ta gona

Tsohon mai dafi ne. Kada a shafa shi a gyambo, ko a ƙazuwar yaro, ko a jikin dabba. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a gona. A tara shi a jarka mai murfi, nesa da yara. Kada a wanke kaya da fetur, domin gobara. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

6. Shawararmu

Rigakafi ya fi magani. Kuɗin zobe da giris kaɗan ne in an gwada da kuɗin gaɓa ko haƙoran pon. Kwamitin kula da likita da ƙungiyar manoma su sa duba ƙafar gaba cikin aikin watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, su sake dubawa bayan kaka. Direba ya leƙa gwiwa kowane mako, ya duba mai duk ranar da ya ratsa ruwa mai zurfi. In ƙafafun gaba masu makulli ne, ya kulle su ya yi tafiyar kilomita 16 kowane wata, domin mai da giris su zagaya. A buɗe littafi a rubuta ranar gyara da abin da aka sake. Ga amfanin karatun da muke yi.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji:

Mene ne aikin zoben roba a cikin pon?

Don me ake wanke hancin pon?

Wace mota ce ke ɗaukar marasa lafiyar ƙauyenmu, kuma yaushe rabon da a duba ƙafarta ta gaba?

Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.