Na Ajiye Garma, Ƙasa Ta Yi Tauri

Tambaya: Na daina huɗa, masara nake shukawa duk damina, amma ƙasar sai ƙara tauri take yi. Ina mafita? Wani manomi daga Giwa.

Amsa: Malam, ajiye garma kaɗai ba ya gyara gona. Yanzu saiwa da tana da gara ne masu yi maka huɗa, kuma saiwar masara kullum wuri ɗaya take bi. Sai ka sauya: bana masara, baɗi waken suya ko wake. Saiwar wake tana nutsewa, in ta ruɓe ta bar kafar da ruwa da iska za su shiga. Ta masara da dawa kuwa, saboda yawanta, ita ke ɗaure ƙasa kada ruwa ya kwashe ta.

Manoman Parana a Brazil, da suka fara noma ba tare da huɗa ba a 1972, ba sa barin ƙasa tsirara. Mu kuwa kara da harawa duk gida muke kaiwa (dabbobi ma na da hakki, na sani). Bar ko rabin karan ne a kwance, kada ka ƙone. Taurin saman ƙasa a shekarun farko ba abin tsoro ba ne, a hankali yake saki.