Baƙo da Zaure: Nazari a Kan Matafiyi Mabuƙaci a Wurin Bahaushe

Maƙasudin wannan 'yar takarda shi ne a duba yadda Bahaushe yake gane baƙon da ke cikin buƙata tun bai buɗe baki ba, da dalilin da ya sa ya ɗauki wannan ganewa a matsayin ibada. Ba almajiri muke nufi ba, don shi ƙoƙon bararsa ya riga ya yi masa shela. Muna magana ne a kan mutum mai mutunci wanda guzuri ya yanke wa a garin da ba shi da kowa, kunya kuma ta ɗaure masa baki.

Shari'a ta san da zamansa. A aya ta 60 ta Suratut Tauba, inda aka jera kashi 8 na waɗanda ake bai wa zakka, shi ne na ƙarshe, wato ibnus sabil, ɗan hanya. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa ana ba shi abin da zai kai shi gida ko da mawadaci ne a garinsu, muddin tafiyar ba ta saɓo ba ce, kuma bai sami mai ranta masa ba. To, a nan gizo ke saƙar. Irin wannan mutum rigarsa mai kyau ce, rawaninsa a naɗe, kuma ya gwammace ya kwana da yunwa da ya miƙa hannu. Ta yaya za a gane shi?

Ƙissoshi biyu sun nuna hanya. A Suratul Ƙasas, aya ta 23 da ta 24, Annabi Musa (A.S.) ya isa rijiyar Madyana, ya tarar da makiyaya suna shayarwa, sai ya hango mata biyu can gefe suna tsare dabbobinsu. Duk taron nan shi kaɗai ya tambaye su abin da ke damunsu, ya kuma shayar musu, alhali shi kansa baƙo ne mai gudun tsira da rai. A Suratuz Zariyat kuwa, daga aya ta 24 zuwa ta 27, Annabi Ibrahim (A.S.) bai tsaya tambayar baƙinsa ko suna jin yunwa ba, ya sulale cikin gida ya zo da ɗan maraƙi mai ƙiba. Na farko ya lura, na biyu ya ɗauke wa baƙo nauyin roƙo.

A ganina, waɗannan halaye biyu ne Bahaushe ya gina da tubali ya kira su zaure. Zaure yana cikin gida, amma ƙofarsa tana kallon hanya. Idan an idar da sallar magariba, kowane magidanci sai a fito masa da akushinsa, maƙwabta su haɗu a yi ciyayya. Wanda ya yi sallama a wannan lokaci, "Bisimilla" kawai za a ce masa, ya wanke hannu. Ba wanda zai san ko rabonsa da abinci tun jiya ne, don an ci tare da shi kamar kowa. Haka ma ruwan da ake tarbar baƙo da shi kafin a ji abin da ke tafe da shi: yayin da yake sha, maigida yana karanta ƙurar ƙafarsa da yadda ya riƙe kwanon. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Da suka ce kuma baƙonka Annabinka, ai sun fitar da zancen daga al'ada sun kai shi ga imani, daidai da hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, wanda ya haɗa girmama baƙo da imani da Allah da Ranar Lahira, ya kuma ƙayyade liyafa kwana 3.

Kada a ce wannan labarin zamanin fatake ne kawai. A farin 1973 zuwa 1974, Buzayen da dabbobinsu suka ƙare sun kwararo Kano da Katsina da Sakkwato, mutanen da a jiya su ne masu ba da nono. A 2014 da 2015 kuma, mafi yawan waɗanda rikicin Boko Haram ya koro Maiduguri a cikin unguwanni suka sauka tare da jama'a, ba a sansani ba.

Sai dai tilas a faɗi gaskiya, ginin zamani ya yi wa wannan tsari illa. A sababbin unguwanni katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi sun maye gurbin zaure, tsoron miyagu kuma ba ƙarya ba ne. Ba a ce tausayi ya ƙare ba, wurin ganin baƙon ne ya ɓace. Abin da ya rage shi ne masallacin unguwa da tashar mota. A can har yanzu akan ga mutumin da ya zauna bayan lisha, kowa ya watse shi bai tashi ba, jakarsa a gefe, yana ta jan carbi. Ladani ne yakan lura da shi idan ya zo rufe ƙofa.