Tsinken Saƙa Mai Igiya: Zaɓensa Da Aiki Da Shi

 Ni ɗaliba ce 'yar shekara 16, mutuniyar Dodoru ta ƙasar Gwandu, cikin Jihar Kebbi. Ina so in yi bayanin wani irin tsinken saƙa da na koyi aiki da shi a zangon karatun da ya wuce, in kuma faɗi kuskuren da na yi, don kada wata ta faɗa ramin da na faɗa.

Kowa ya san yadda hunturu yake a wajenmu. Daga Disamba zuwa Janairu iska mai ƙura takan taso daga hamada, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Manya ma suna jin jiki, balle jariri sabon haihuwa, wanda jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. To, muna tsakiyar zango sai Inna ta aiko mini cewa Yayata tana sa ran haihuwa cikin sanyin nan. Nan take na ɗauki alkawari zan saƙa wa jaririn hula da hannuna, in kai ran suna. Na cire daga kuɗin guzurina aka sayo mini zaren ulu a Birnin Kebbi. Alkawari kuwa kaya ne.

A da, tsinke biyu miƙaƙƙu kawai na sani. Da su akan saƙa abu a shimfiɗe, sa'an nan a haɗa gefe da gefe a ɗinke. Da na gaya wa Malamarmu ta darasin kula da gida niyyata, sai ta ce, “'Yata, ɗinkin nan yakan yi tudu, ga shi fatar jariri ba ta da ƙwari. Zo in nuna miki wanda ba ya bukatar ɗinki.” Ta buɗe wata 'yar jaka da ta sayo daga Kano.

Tsinkaye ne gajeru, biyu biyu, kowane biyu da kaurinsu, ga kuma igiyoyin roba masu laushi, wata ta fi wata tsawo. Akan ɗauki tsinke biyu masu kauri ɗaya, a murɗa ɗaya a kowane bakin igiya kamar yadda ake ɗaura noti. Idanun saƙa, watau 'yan zobban zaren nan da ke jere a kan tsinke, sai su zauna a kan igiyar, a yi ta saƙa ana zagayawa har abin ya fito kamar bututu. Dabarar haɗa tsinke da igiya ta daɗe, don tun 1918 aka yi mata rajista a Amurka. Amfanin irin na Malama shi ne ana kwancewa a sauya, watau tsinke biyu sa yi aiki da igiya ko wace iri ta cikin jakar.

Abubuwa huɗu ake dubawa wajen zaɓe.

Na farko, kaurin tsinke. Da milimita ake auna shi. Siririn zare yana son siririn tsinke, kamar mai milimita 3, zare matsakaici kuwa mai milimita 4, mai kauri kuma 5 ko 6. A nan ne na yi tuntuɓe. Malama ta ara mini wani tsohon littafin saƙa na Ingila, wanda ya ce a ɗauki tsinke lamba 8, a ɗora ido 72. Na duba jaka, na ga tsinke an rubuta 8 a jikinsa, na ɗauka ban tambayi kowa ba. Ashe lamba iri biyu ce. A tsohon lissafin Ingila lamba 8 milimita 4 ce, kuma in lamba tana hawa tsinke yana sirancewa. A lissafin Amurka kuwa lamba 8 milimita 5 ce, in lamba tana hawa tsinke yana ƙara kauri. Ni ta Amurka na ɗauka.

Kwana shida na yi ina saƙa, bayan la'asar da kuma bayan karatun dare. Da hula ta kusa ƙarewa na kai wa Malama ina murna. Ta sa tef ta auna, ta ce, “Santimita 40. Kan jariri ran haihuwa kuwa wajen 35 ne, kuma hula takan ɗan gaza kai don ta kama. Wannan za ta zame ta rufe masa hanci yana barci. Kin ga maganin sanyi ya zama haɗari.” Na tsaya hawaye na zuba, muka warware aikin kwana shida cikin 'yan mintoci. Saura kwana tara a ba da hutu.

Daga nan ta koya mini gwaji. Kafin a fara kowane aiki, a saƙa ɗan ƙyalle, a ƙirga ido nawa ne cikin santimita 10, watau wajen inci 4. Da tsinken milimita 5 na sami ido 18, shi ya sa ido 72 ya ba ni santimita 40. Da na milimita 4 na sami ido 22, ido 72 ya ba ni kusan santimita 33, daidai abin da ake nema. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na biyu, tsawon igiya. Tsawon da ake rubutawa daga bakin wannan tsinke ne zuwa bakin wancan, bayan an haɗa. An fi samun santimita 40, da 60, da 80, da 100. Ƙa'idar ita ce, kada tsawon ya wuce kewayen abin da ake saƙawa. Mai 40 ta dace da hular babba, mai 60 da rigar sanyin yaro, mai 80 da ta babba. Hular jariri kuwa ko mai 40 ta yi mata yawa. Sai Malama ta ba ni mai 80, ta raba idanun gida biyu, 36 da 36, ta jawo rarar igiyar ta tsakaninsu kamar kunnen jaka. In na saƙa rabi sai in juya, in jawo igiya, in saƙa ɗaya rabin. Da wannan dabara doguwar igiya takan saƙa ko safar jariri.

Na uku, abin da aka yi tsinken da shi. Na ƙarfe yana da santsi, ga sauri, amma ido yakan suɓuce wa mai koyo. Na gora ko na itace yana riƙe zare, shi ya fi dacewa da mu 'yan koyo, sai dai in an bar shi a kan gado aka zauna a kai, ya karye.

Na huɗu, mahaɗa, watau inda tsinke ya haɗu da igiya. A shafa da yatsa, in an ji kaushi zai riƙa cin zare. Akwai ɗan rami a wurin, da wani siririn ƙarfe da ake zurawa a riƙe a ƙara murɗawa. Wadda ta yi ƙyuyar wannan, tsinke zai kwance mata tana cikin aiki, idanu su zube. A kuma sani, galibi tsinken wani kamfani ba ya shiga igiyar wani kamfani.

Wajen aiki kuma a kula da abu uku. Kafin a haɗa zagayen farko, a shimfiɗa igiya a kan tebur a tabbata idanu duk sun fuskanci ciki, domin in aka yi nisa da murɗaɗɗen zagaye babu magani sai warwara. A ɗaura zare mai wani launi a mafarin zagaye don kada lissafi ya ɓace. In igiya ta nannaɗe, a tsoma ta cikin ruwan ɗumi ta miƙe.

Ina roƙon iyayenmu, wanda 'yarsa ke son wannan sana'a kada tsadar cikakkiyar jaka ta razana shi. Tsinken milimita 4 da igiya mai 80 sun isa farawa. Akwai kuma 'yan marafai da ake toshe bakin igiya da su in an cire tsinke, saboda haka ɗalibai biyu suna iya yin karo-karo su sayi tsinke, kowace da igiyarta.

Na gama hular ana gobe hutu. Yayata ta sauka lafiya, aka sami namiji. Ran suna da sassafe Kakata, wadda ta yi shekaru tana kaɗi da mazari, ta karɓi hular ta juya ta ciki da waje tana neman ɗinki, ba ta gani ba. Ta sa wa yaron, ta zauna masa daidai bisa gira. Ta ce, “Jikata, wa ya auna miki kansa tun yana ciki?” Na ce, “Kaka, Malamarmu ce, da tef.”