Amsar Tambaya: Kwana a Bukka a Kan Dutse

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga Isa. Abokaina za su hau dutsen Chappal Waddi a jihar Taraba, an ce a wata bukka za mu kwana, ba wuta ba gado. Ban taɓa hawa dutse ba. In bi su?

Amsa: Ƙanena, ka je, amma da shiri da yardar iyaye. Ƙasarmu ta Gobir shimfiɗaɗɗiya ce, zafinta muka sani. Chappal Waddi kuwa ya kai mita 2,419, babu dutsen da ya fi shi tsawo a Najeriya, kuma sanyin darensa zai ba ka mamaki. Ka ɗauki bargo, rigar sanyi, tabarma, tocila da takalmin da ƙafarka ta saba da shi. Sabon takalmi zai yi maka kanta.

Abin da na fi ji muku tsoro shi ne gawayi. Sanyi zai sa wani ya ce a shigo da kasko a rufe ƙofa. Kada ku yarda. Hayaƙinsa yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Ku dafa a waje, ku tafasa ruwan rafi kafin ku sha, da safe ku kakkaɓe takalmi saboda kunama.

Dutsen yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, don haka ku fara zuwa ofishinsu a Serti ku nemi ɗan jagora. Ku tafi da rani. Hanyar fita daga Isa kuma ka san halinta, kada dare ya same ku a kai. Allah ya kiyaye hanya.