Darasin Kiwon Lafiya: Shayar da Jariri Sabon Haihuwa

Wannan darasi ku kai shi gida ku karanta wa Inna da Goggo da Kaka, da boko ko da ajami, wanda ya fi muku sauƙi. Dalili kuwa, a gidajenmu na Batsari da Safana, in maijego ta shiga wanka ko ta kama wani aiki, ku ake miƙa wa jinjiri. Sau da yawa abin da ya shiga bakinsa da hannunku ya shiga.

Mu fara da dakashi, wato nonon fari mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda ke zuwa a kwana biyu ko uku na farko. Wasu tsofaffi kan ce wai ƙazanta ne, a matse a zubar, a ba yaro ruwan ɗumi kafin nonon kirki ya sauko. To, wannan kuskure ne babba. Dakashi cike yake da abubuwan da ke kare hanjin jariri daga cuta, kuma yana taimaka masa fitar da baƙin kashin nan na farko. Ɗan kaɗan ne, amma cikin jaririn ma ɗan mitsitsi ne, ya ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a mama cikin awa ɗaya da haihuwa. Ko ɗan fari ne, kunya ta dakata tukuna. Tahniki da dabino ɗan shafawa ne a dasashi da hannu mai tsabta, sau ɗaya. Zuma kuwa kada a ba shi sai ya shekara, don takan ɗauko wata ƙwayar cuta mai shanye jikin jarirai.

Sai maganar ruwa, inda aka fi yin gardama. A watan Afrilu, zafi kamar ya fasa kai, Kaka za ta ce, "Haba, ɗan mutum ba zai sha ruwa ba? Ai alhaki ne." Tausayi ne ya sa ta faɗa, ku amsa mata da ladabi. Ku ce mata fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma tatacce. Wanda ke fara fitowa tsararo ne mai kashe ƙishirwa, na ƙarshe mai maiƙo shi ke sa ƙiba, shi ya sa ake barin yaro ya gama da mama ɗaya kafin a juya shi. Ruwan randa kuwa, ko daga rijiya aka ɗebo ko daga gulbi, ya bi ta guga da jarka da moɗar da kowa ke tsomawa. Babba ya sha ya zauna lafiya, jariri ya sha sai gudawa. Ko mai tsabta ne ma, ya cika masa ciki ya rage tsotso, in tsotso ya ragu nono ya ja baya. Saboda haka wata shida cur nono zalla, ba ruwa, ba bauri, ba koko. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kaɗai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun haka. Bayan wata shida a fara kunu da sauran abinci, nono na tafiya har shekara biyu, adadin da Alƙur'ani mai girma ya ambata a Suratul Baƙara, aya ta 233.

Ke uwa, duba yadda ya kama. Cikinsa ya fuskanci cikinki, bakinsa a wage, haɓarsa ta taɓa mama, leɓen ƙasa ya juyo waje, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan. In kan kaɗai ya kama, shi ke kawo tsagewa da raɗaɗi, kuma ba zai ƙoshi ba. Ki ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, aƙalla sau 8 a kwana ɗaya. In ya wuce kwana biyar yana jiƙa tsumma sau shida ko fiye a kwana, kuma nauyinsa na hawa a wajen awo, nononki na isarsa, kome mutane za su ce. In ya gama a ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa.

Kayan aikin shayarwa ba su da yawa: sabulun wanke hannu, tsummoki wankakku da aka shanya a rana, gidan sauro, da abinci ga maijego. Malam maigida, kuɗin nan a kashe su a wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, nono da ɗan nama. Kunun kanwa dai a sassauta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar masu jego.

Tun wajen 2019 iyalai da dama daga ƙauyukan bakin dajin Rugu suka baro gidajensu saboda 'yan bindiga, suka raɓe a cikin Batsari, Dutsin-Ma da Katsina. Za ka ji mace ta ce firgita ta ƙafar mata da nono. Firgita takan riƙe saukarsa na ɗan lokaci, amma in an ci gaba da sa yaro, aka ba ta abinci da ruwa da kwanciyar hankali, yakan dawo. A wurin da mutum ashirin ke shan jarka ɗaya, gwangwanin madara na sadaka yana iya zama ajalin yaro.

Amma akwai larura: uwa ta rasu, ko tana kwance ba ta iya shayarwa. Abu na farko a nemi mai shayarwa cikin dangi, a kai ta asibiti a gwada jininta tukuna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha nonon Halimatus Sa'adiyya. Sai dai a rubuta a ajiye, wa ta shayar da wa, domin a mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa cikin yaro a shekarun shayarwa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsu.

In ba a samu ba, sai madarar jarirai ta gwangwani, wadda aka rubuta daga haihuwa zuwa wata shida. Madarar shayi da nonon shanu ba su dace da shi ba. A yi lissafi tun farko: wata shida na cin kimanin kilo 20, wato gwangwani 50 na giram 400. Wanda bai shirya ba yakan koma tsinka ta da ruwa don ta daɗe, ƙarshenta tamowa. Ga yadda ake haɗawa. A wanke hannu da sabulu. A tafasa ruwa sosai, a bar shi ya ɗan huce, kada ya wuce rabin awa, don zafinsa ne ke kashe ƙwayoyin cutar da kan ɓuya cikin garin madarar. A fara zuba ruwa daidai ma'aunin da ke jikin gwangwani, sannan gari da cokalinsa, a shafe, ban da tozo. A tsoma mazubin cikin ruwan sanyi, a ɗiga a bayan hannu a ji. Abin da ya rage bayan ya sha a zubar, wanda ya yi awa biyu a ajiye ma haka.

Bulumboti, wato fida, yana da wuyar wanki; madara na maƙalewa a wuyansa da cikin robar, ga ƙuda. Ƙaramin kofi ya fi: a zaunar da jariri, a jingina bakin kofin a leɓensa na ƙasa ya riƙa lasa da kansa, kada a ɗura masa. Wanda ya nace wa bulumboti, dole wanki da sabulu da burushi da tafasawa kafin kowane sha, kuma kada a jingina shi a bakin yaro a tafi.

Ke mai raino, in kin ga ya ƙi kama mama, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko idonsa da tafinsa sun yi ɗorawa, ko gudawa ta kama shi, ki gaya wa manya nan take. Daga Ruma, Wagini ko Runka, a nufi asibiti mafi kusa tun da sauran rana, kada a bari sai dare ya yi hanya ta gagara, kuma a riƙa ba shi mama har a isa.