Mazubi da Baƙon Kaya: Tsokaci a Kan Manhajar Git

A kasuwarmu ta Ibeto, idan mai dawa ya ce buhunsa cike yake, mahaifiyata ba ta yi masa musu, sai dai ta sa a auna a gabanta. Halin nan nata na tuna da na fara adana kalmomin Kambarci da Hausa na kundin digirina a manhajar Git.

Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro Git a 2005. Aikinta shi ne riƙe tarihin duk gyaran da aka yi wa rubutu. Masu nazarin harsunan Afirka, kamar ƙungiyar Masakhane, kan ɗora bayanansu a GitHub don kowa ya kwafa. To, a nan gizo ke saƙa, domin abin da ka kwafo baƙo ne.

Kafin kwamfuta ta karanta baƙon, sai ta zuba shi a wani gurbi mai iyaka cikin ƙwaƙwalwarta. Turawa na kiransa buffer, ni kuwa na zaɓi "mazubi". Wani abokin karatuna ya fi son "taska", amma taska ta yi masa girma.

A jerin fayilolin Git, bayan kowane suna akwai alamar sifiri, sannan lambar shaida ta SHA-1 mai bayit 20. Idan mugu ya cire sifirin, manhajar da ba ta lura ba za ta yi ta karatu har ta zarce bakin mazubi, ta faɗa gonar wani. A 2016 an gano cewa sunaye masu tsawon gaske na iya rikita lissafin Git, rubutu ya malala wajen mazubi, har maharin ya sa kwamfutar mutum ta bi umarninsa. An kammala toshe ɓarakar a siga ta 2.7.4.

Kada lambar shaida ta ruɗe mu. Tana nuna kaya ba su canza a hanya ba, amma ba ta ce masu kyau ne ba. Dole manhaja ta riƙe adadin bayit da suka rage, kafin kowane taki ta tambaya: saura nawa? In bai kai ba, ta ƙi kayan.

Mu da ba masana kwamfuta ba, muna da namu mudun: umarnin git fsck na bincika abin da ke ajiye, fetch.fsckObjects kuma na bincika kaya tun a ƙofa. Shi na biyun a kashe yake zuwa, sai ka kunna da kanka.